Shugabanci a Unguwa Ake Koyonsa

  Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirin domin waɗanda data ba ta ba su damar saurare ba, da kuma masu son su karanta a nitse.

Yau maganar a kanmu take, mu matasa, da batun shugabanci. Bari in fara da tambaya. Sau nawa ka ga an kira taron horar da matasa shugabanci a otal ko wani ɗakin taro, an zauna daga ƙarfe goma har la'asar, an ci shinkafa, an raba satifiket, an ɗauki hoto an ɗora a Facebook? To bayan wata uku, cikin waɗanda suka je ɗin nan, mutum nawa ne za a damƙa wa naira dubu hamsin ta jama'a a ce ya gyara famfon unguwa, ya gyara ɗin, ya dawo da rasit da canji?

Ba kushe bita nake yi ba, ni ma na je na kuma ƙaru. Amma abin da nake son mu tattauna yau shi ne, shugabanci sana'a ce kamar kafinta ko ɗinki, sai hannu ya taɓa ake iyawa. Kuma wurin da matashi zai taɓa shi tun da wuri, ya yi kuskure mai sauƙin gyara, shi ne ƙungiyar unguwarsu.

Me ya sa maganar ta zama ta gaggawa? Ranar 31 ga Mayu, 2018, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a gyaran tsarin mulkin nan da ya rage shekarun tsayawa takara, wanda aka fi sani da Not Too Young To Run. Ɗan majalisar wakilai da na majalisar jiha aka dawo da su shekara 25 daga 30, shugaban ƙasa kuma 35 daga 40. Ƙofa ta buɗe, mun yi murna. Sai dai doka ba ta koya wa mutum yadda zai zauna da masu adawa da shi, ko yadda zai riƙe kuɗin da ba nasa ba. Wanda bai taɓa jagorantar mutum goma ba, in aka ba shi mazaɓa guda, jama'a ne za su biya kuɗin koyonsa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mu ɗan koma tarihi, saboda abin nan ba baƙo ba ne a wurinmu.

A farkon shekarun 1940, a garin Bauchi, akwai wani zaman tattaunawa da ake kira Bauchi Discussion Circle. Malaman makaranta ne da ma'aikata ke haɗuwa suna muhawara a kan al'amuran ƙasa. Cikin masu zuwa akwai Malam Sa'adu Zungur, akwai Abubakar Tafawa Ɓalewa, akwai kuma wani matashin malami ɗan shekara ashirin da 'yan kai, Malam Aminu Kano. A can Sakkwato ma, a wannan zamanin, Shehu Shagari da abokansa suna da tasu ƙungiyar, Youth Social Circle. Irin waɗannan ƙananan ƙungiyoyi na garuruwa su ne suka share fagen kafuwar Jam'iyyar Mutanen Arewa a ƙarshen shekarun 1940. Ɓalewa ya zama Firayim Minista a 1957, Malam Aminu ya jagoranci NEPU, Shagari ya zama shugaban ƙasa a 1979. Kafin duk wannan, sun yi shekaru suna koyon tsara ajanda, da kare ra'ayi a gaban wanda ya fi su muƙami, da haƙuri in an kayar da su a muhawara. Hajiya Gambo Sawaba kuwa tana 'yar shekara 17 ta shiga NEPU a Zariya, aka kuma ba ta jagorancin mata. Wato ba sai an tsufa ba, amma sai an fara daga wani wuri.

In muka ƙara komawa baya, kakanninmu na karkara suna da tasu makarantar. Gari yana da sarkin samari, 'yan mata ma suna da tasu shugabar. A wurare da dama samarin har naɗe-naɗe suke yi a tsakaninsu irin na fada, a samu waziri, a samu alƙali. Kamar wasa ne, amma su ne ke haɗa gayya. Ka yi tunanin abin da gayya take buƙata: a sa rana, a sanar da kowa, a nemo makaɗa, a tanadi fura da tuwo, a raba kunya-kunya a gona, a san wanda ya zo da wanda ya noƙe. Yaron da ya haɗa wannan sau biyar ai ya san yadda ake tafiyar da mutane, ko bai taɓa jin kalmar a aji ba.

Turawa ma da suka zo tsara nasu, dabarar ɗaya ce. A 1907, Baden-Powell ya kai yara kimanin ashirin wani tsibiri mai suna Brownsea a Ingila, daga nan aka samo ƙungiyar Sikawut. Abin da ya yi shi ne ya kasa su rukuni huɗu, kowane rukuni ya ba shi shugaba daga cikin yaran. Babba yana gefe yana kallo, yaro ne ke da alhakin 'yan uwansa. Haka Man O' War da muke gani a sansanin masu yi wa ƙasa hidima, asalinta cibiyar horo ce da Alec Dickson ya kafa a 1951 a gaɓar teku a Kamaru, kuma har yau tana da makaranta a tsaunukan Shere da ke Jos. A can za a ba ku katanga a ce duk ku tsallake, ba a bar kowa a baya ba. Nan take za a gane mai tsara mutane da mai hayaniya kawai. Ku duba 'yan agajinmu ma a filin Idi ko wurin wa'azi. Matashi ɗan shekara ashirin yana tsara sahu, yana raba hanya, yana kai rahoto ga na gaba da shi. Duk inda ka duba, abu ɗaya ne: a ɗora wa matashi nauyi na gaske daidai ƙarfinsa, a kuma tambaye shi yadda ya yi da shi.

Yauwa. Bari in ba ku nawa labarin, ko da yake ba na alfahari ba ne.

Ina da shekara 19 aka zaɓe ni ma'ajin ƙungiyar matasan layinmu. Aikinmu yashe kwata kafin damina, saboda duk shekara ruwa yana shiga gidaje. Kowa yana ba da naira ɗari a mako. Ni kuwa lissafin duk a kaina yake, kuɗin kuma a wani gwangwani a ɗaki. Wannan ya zo ya ce a ranta masa ɗari biyar zai mayar ran Juma'a, in ba shi. Ran aiki a sayi ruwan leda, in biya, ban rubuta ba. Da lokacin sayen shebur da baro da manjagara ya yi, aka ce ma'aji ya kawo kuɗi. Na ƙirga, na sake ƙirgawa, sama da dubu uku babu. Wallahi ban ci ko sisi ba, amma ba ni da abin da zan nuna.

A taron ranar na ji maganganun da ban taɓa ji ba. Abokina na kusa ma kansa a ƙasa. Akwai wani dattijo, tsohon malamin firamare, da muke gayyata yana zama da mu. Ya bari aka gama, sannan ya ce, "Ɗana, ni na yarda ba ka ci ba. Amma amana ba a kai ake ajiye ta ba, a takarda ake ajiye ta. Gobe ka sayi littafi." Na sayi littafi, na biya kuɗin nan kaɗan-kaɗan cikin wata biyu. Daga ranar, ko naira hamsin ta fita sai an rubuta an sa hannu. Yau in na tuna sai in gode wa Allah da abin ya same ni a kan dubu uku a layinmu. Da a ofis ne a kan miliyoyi, da wani labarin ake yi.

To me ƙungiyar unguwa take koyarwa takamaimai? Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, riƙon kuɗin jama'a, kamar yadda kuka ji. Littafi mai shafi biyu, shiga da fita. Rasit ga duk abin da aka saya, in mai kaya ba shi da rasit ya rubuta a takarda ya sa hannu. Karanta lissafi a bainar jama'a duk ƙarshen wata, ko an tambaya ko ba a tambaya ba. In ƙungiya ta girma a buɗe asusu a banki, kuɗi ba sa fita sai da sa hannun mutum biyu. Sannan a samu mai binciken kuɗi wanda ba abokin ma'aji na ƙut-da-ƙut ba. Matashin da ya saba da wannan, in ya je gaba aka ce ya yi bayanin kuɗi ba zai ɗauka zagi ba ne.

Na biyu, gudanar da taro. Wannan mun raina shi ƙwarai. Taronmu yakan fara a makare, mutum uku su cinye lokacin, a tashi ba a san abin da aka yanke ba. Shugaba na gari yana zuwa da ajanda, yana ba mai shiru dama, yana dakatar da mai dogon zance ba tare da ya kunyata shi ba. Sakatare kuma ya rubuta abu uku kacal a kan kowace magana: me aka yanke, wa zai yi, yaushe zai gama. Taro na gaba da wannan za a buɗe. Kun ga daga nan "za a duba" ta mutu, saboda akwai suna a jikin kowane aiki.

Na uku, jagorantar mutanen da ba ka biyansu. Wannan shi ne ainihin jarrabawar. Mai kamfani yana da albashi a hannu, soja yana da oda. Kai shugaban matasan unguwa ba ka da komai sai halinka. In ka ce a fito ƙarfe bakwai na safe, sai ka riga kowa isa. In kana tsaye a inuwa kana danna waya su suna cikin kwata, mako mai zuwa kai kaɗai za ka fito. A nan mutum yake gane cewa tsawa ba ta tara jama'a, kuma yabon wanda ya yi ƙoƙari a gaban mutane ya fi tara tasiri.

Na huɗu, sulhu. Babu ƙungiyar da ba a saɓawa. Wani zai ce an fifita 'yan wancan layi, wani zai ce an raina shi don bai yi boko ba, wani lokacin bambancin aƙida ko jam'iyya ya shigo. Za ka koyi jin kowane ɓangare shi kaɗai kafin ka haɗa su, ka koyi riƙe sirri, ka koyi yanke hukunci a kan abokinka in shi ne da laifi. Ranar da ka ci tarar amininka saboda ya makara, kamar yadda ka ci ta kowa, ranar ka fara zama shugaba.

Na biyar, magana da manya da hukuma. Aikin unguwa dole ya kai ka gaban mai unguwa, liman, kansila, wataƙila har sakatariyar ƙaramar hukuma. Za ka koyi rubuta takarda mai kai da ƙafa, ka koyi gaisuwa kafin buƙata, ka koyi komawa sau uku ba tare da ka yi fushi ba. Mu matasa muna da zafin kai, muna ganin zagi a intanet shi ne neman haƙƙi. Amma wanda ya je da takarda, da hoton kwatar da ta toshe, da sunayen gidajen da ruwa ya shiga, ya fi wuyar korewa.

Na shida, kuma mafi wuya, sauka daga kujera. Ku rubuta wa'adi tun ranar farko, shekara ɗaya ko biyu, sannan a yi zaɓe. Duk muna ƙorafin shugabannin Afirka da ba sa son sauka, alhali a unguwarmu akwai "shugaban matasa" mai shekara 45 da jikoki a hanya. In wa'adinka ya cika, ka miƙa littattafai, ka koma ka zauna a benci, ka bi umarnin wanda jiya kai kake ba shi umarni. Juya muƙamai kuma yana sa a cikin shekara biyar unguwa ta samu mutum goma sha da suka taɓa riƙe wani abu.

Yanzu sai mu zo ga inda gizo ke saƙar. Ba kowace ƙungiya ce ke haifar da shugabanni ba, wata 'yan amshin shata take haifarwa.

'Yan uwanmu na Nijar suna da darasi babba a nan. Bayan Seyni Kountché ya karɓi mulki a 1974, gwamnatinsa ta farfaɗo da tsarin Samariya, ta ɗora shi a kan tsohuwar al'adar sarkin samari. An yi aiki na gaske, matasa sun gina ajujuwa, sun dasa itatuwa, sun yi aikin gayya a garuruwa da ƙauyuka, kuma dattawa har yau suna tuna wannan. Amma tsarin a hannun gwamnati yake, daga sama umarni ke saukowa. Da siyasar jam'iyyu da yawa ta zo a farkon shekarun 1990, sai Samariya ta yi sanyi. Abin da ya bazu bayanta shi ne fada, wato majalisar shayi da matasa suka kafa da kansu, kuma wasu fadodin suna yin tsaftar unguwa da gadi da taimakon juna ba tare da wani ya sa su ba. Abin lura shi ne, ƙungiyar da ke tsaye da ƙafar wani, ranar da ya janye za ta zauna.

A wajenmu ɗan siyasa ne ke taka wannan rawa. Kuna cikin aikinku, zaɓe ya matso, sai ga mota ta tsaya. A ba ku riguna da hoto, a ba shugaba ambulan. Daga ranar taronku ya koma na rabon kuɗi, wanda ke wata jam'iyyar ya daina zuwa, masu hankali su ja jiki. Mafi muni shi ne in aka mayar da yaran 'yan banga, a ba su ƙwaya a ba su makami. Bayan zaɓe wayarsa ba ta shiga, ku kuma kun rasa amincin unguwa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ba na cewa kada matashi ya yi siyasa, ka yi, haƙƙinka ne. Amma ka yi da sunanka, ka bar ƙungiyar ta zama ta kowa. In ɗan siyasa zai taimaka, ya kawo siminti ko baro a gaban jama'a, a rubuta a littafi, a gode masa, shi ke nan.

Wata matsalar ita ce barin mata a baya. Sau da yawa sai ranar taro ake tuna su, a ce su dafa abinci. Alhali ku duba yadda mata ke tafiyar da adashi shekara da shekaru, kwabo ba ya ɓata. Ku duba 'yan mata masu koyarwa a Islamiyya, ɗaya tana riƙe da aji mai yara hamsin. In yanayin unguwarku bai ba da damar zama tare ba, a yi reshen mata mai shugabancinsa da asusunsa da ikon yanke shawararsa. 'Yar uwa da ke saurare, kada ki jira a kira ki. Ku biyar kun isa ku fara darasin yamma ga ƙannenku, ko ku bi gida-gida a kan yaran da suka daina zuwa makaranta.

Ga iyayenmu kuma, da girmamawa, muna buƙatarku a kusa amma ba a kan sitiyari ba. Mun yarda abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Sai dai in kullum ku ne ke yanke mana, ranar da babu ku za mu tsaya cirko-cirko. Dattijon nan da na ba ku labari bai taɓa riƙe mana kuɗi ba, bai taɓa zaɓar mana shugaba ba. Yana zaune ne kawai, sai mun kusa faɗawa rami ya yi gyaran murya.

To ɗan uwa, in a unguwarku babu komai fa, ta ina za a fara? Ka dubi majalisar da kuke zama kullum bayan Isha, kuna shayi kuna musun ƙwallo. Mutanen ai ga su nan. Ku zaɓi matsala ɗaya ƙarama wadda za ku iya gamawa cikin wata guda da kuɗin aljihunku: bolar da ta tare hanya, famfon da ya lalace, ciyawar maƙabarta, ko koya wa 'yan aji shida karatu kafin jarrabawa. Kada ku fara da buga riga da hatimi da dogon suna na Turanci. Ku je ku gaida mai unguwa ku sanar da shi. Ku raba aiki, ku sayi littafi, ku gama abin, sannan ku zauna ku tambayi kanku me ya yi kyau, me ya lalace, wa ya kamata ya ja na gaba. In kun yi aiki biyu ko uku kun ga kun ɗore, sai ku rubuta dokokinku a shafi biyu ku nemi rajista.

Wani zai ce, duk wannan wahala me zan samu, ni da nake neman aiki? Gaskiya ba albashi a ciki. Amma ranar da ka zauna gaban masu ɗaukar aiki, ko kake neman tallafin karatu, aka ce ba mu labarin wata matsala da ka taɓa warwarewa, kana da abin faɗa da hujja a hannu. Kuma unguwa tana gani. Mutanen da suka ga ka riƙe dubu ashirin ba ta yi ciwon kai ba, su ne gobe za su ce wane ya fito mu mara masa baya.

A nan za mu dakata a wannan mako. Ina son in ji daga gare ku: akwai ƙungiyar matasa a unguwarku? Yaushe rabon da a yi zaɓe a cikinta, kuma yaushe rabon da a karanta muku lissafin kuɗi? Ku rubuto mana a ƙasa, za mu karanta wasu a shiri na gaba. Wanda ya ga amfanin wannan ya tura wa 'yan majalisarsu.

Allah Ya ba mu shugabanni na gari, Ya sa mu ma in an ba mu amana mu riƙe. Sai mun haɗu a mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.